Taga Da 'Yarta: Jawabi A Taron Ɗalibai Masu Nazarin Kwamfuta



An ɗora mini yin magana a kan ƙananan manhajojin nan da muke liƙa wa burauza don su ƙara mata aiki, musamman yadda ake jarraba su wajen buɗe taga. A gafarce ni in na yi tuntuɓe, ɗan koyo ne ni.

Idan shafi ya buɗe wata taga, sau da yawa akan bar igiya tsakaninsu, wadda marubuta manhaja suke kira window.opener. Ta wannan igiya 'yar tana iya juya uwar zuwa wani adireshi dabam, ko da ba gidansu ɗaya ba. To, a nan gizo ke saƙar. Ɗalibi ya danna mahaɗi, ya shagala da karatu a sabuwar taga, kafin ya waiwayo an musanya masa tsohon shafin da na jabu mai neman kalmar sirri. Shi kuwa sai ya rubuta ba tare da shakka ba, tun da shi ya buɗe shafin da hannunsa. Saboda haka ne Firefox a 2020, da Chrome a 2021, suka tsinke igiyar ga duk mahaɗin da aka tsara ya buɗe sabon shafi. Amma tagar da aka buɗe da umarnin window.open tana nan da igiyarta, sai in marubucin ya ce a cire.

Jarrabawar farko ke nan: ka sa manhajarka ta buɗe taga, ka shiga tagar ka tambayi opener. In babu buƙatar su yi magana da juna, amsar da kake so ita ce babu.

Ta biyu ita ce ta kunyata ni. Na rubuta wata 'yar manhajar ƙamus mai buɗe taga guda, ta riƙe lambarta don ta koma gare ta. Duk gwajin da na yi cikin gaggawa na yi shi, kome ya tafi daidai. Ashe a tsarin Manifest V3 na Chrome, ma'aikacin da ke bayan fage yakan yi barci in ya yi daƙiƙa 30 ba aiki, ya farka ya mance lambar. Abokin ɗakina ya nemi kalma bakwai, ya sami taga bakwai! Maganin shi ne a ajiye lambar a ma'ajiyar burauza, a kuma share ta in an rufe tagar.

Don haka in za ku gwada, ku danna, ku dakata minti guda, ku sāke dannawa. Sa'an nan ku rufe uwar ku ga abin da 'yar za ta yi.