Daga Ina Waƙa Take Zuwa?

 Maganar da na zo da ita ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma wasu daga cikin waɗanda muke sa-in-sa da su a kanta ga su nan zaune a sahun gaba.

Shekara da shekaru muna koya wa ɗalibai nazarin waƙa da ma'auni guda: jigo, salo, zubi da tsari. Ban raina wannan ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da sauran magabata sun share mana hanya, Allah ya saka musu. Amma mu da muka biyo baya mun tsaya a nan, mun ƙi gaba. Ɗalibi zai kwafo waƙa daga waya, ya zuba ta a takarda, ya ƙirga kamance da kinaya, ya karɓi digirinsa, bai taɓa zama gaban mai waƙar ya ce masa, baba, yaya aka yi wannan waƙa ta zo maka ba. Na taɓa ganin kundin wata ɗaliba da ta yi ƙarfin halin yin wannan tambaya. Mawaƙiyar ta gaya mata cewa a cikin barci ta ji karin, ta farka kafin asuba tana rera shi. Mai jarrabawa ya ja jan biro a kan shafin tun daga sama har ƙasa, ya rubuta a gefe cewa camfi ba ilimi ba ne. Abin da ya soke shi ne shafi mafi daraja a kundin.

Masu waƙa ba su taɓa ɓoye mana inda suke ganin tana fitowa ba. Baiwa suke cewa, ko ilhama. Kowa a ɗakin nan ya san labarin Imam Busiri na Masar, wanda ciwon shanyewar jiki ya kwantar, ya tsara Alburda, ya yi mafarki da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tashi da lafiya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u sun yi waƙa da Fulatanci da Hausa da Larabci a matsayin ibada da karantarwa. Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, da ka ya tsara Imfiraji. Masu garaya a wajen bori sun ce kowane iska da takensa. Mamman Shata na Katsina, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, an san shi da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a, 'yan amshi da masu kalangu suna binsa. Ba sai ka yarda da kowane bayani daga cikin waɗannan ba kafin ka rubuta shi. Aikin manazarci ne ya adana abin da mai abu ya faɗa game da abinsa.

To, amma ban zo Mubi don in yi ta kawo misalai daga Zariya da Katsina ba. Hujjata tana nan cikin garin nan, kuma ita nake so mu tsaya a kai.

Ku je inda Zumuntar Mata suke koyon waƙa da yamma a kowane coci na EYN ko wata ɗarika, ku zauna ku kalla. Mace ɗaya ce za ta zo da sabuwar waƙa. Ba ta da takardar kiɗa, ba ta je makarantar kiɗa ba. Aya ce ta Zabura ta tsaya mata a rai, ko rasuwar ɗa, ko haihuwa bayan dogon jira. Za ta ɗaga murya ta yi ɗango ɗaya. Mai tulu za ta lalubi bugun da tafin hannu, masu kacau-kacau su shigo, sauran mata su gwada amshi. In amshin ya ƙi zama a bakinsu, a nan take za a gyara shi, a rage gaɓa, a sauya kalma. In ya ƙi har sau da yawa, waƙar ta mutu ke nan, babu mai jin haushi. Ku saurari karin da kyau. Kalmomin Hausa ne, amma sau da yawa abin da ke ƙarƙashinsu karin Gude ne, ko Fali, ko Margi, ko Kamwe, irin wanda kakarta take yi a bakin dutsen niƙa ko a gonar gayya.

Ku fita daga nan ku je zawiyya bayan zikirin Juma'a, ko wajen Mauludi inda masu bege suke. Mutumin da ya tashi da Ishiriniya a kunnensa tun yana ƙarami, ya shekara yana wazifa, wata rana shauƙi ya kama shi, baiti ya fito. Shi ma almajirai ne za su karɓa masa, su ne kuma za su nuna ko baitin zai rayu.

Abin da nake jawo hankalinku gare shi ke nan. Ilhama ba ta sauka a kan kai wanda babu komai a cikinsa. Ruwan sama ne, sai ya tarar da iri a ƙasa. Irin kuwa shi ne ibadar shekaru, da kunnen da ya sha karin iyaye, da jama'ar da ke jiran amshi. Duk wannan ana iya bincikensa, ana iya rubuta shi, ana iya kare shi a gaban kowane kwamitin jarrabawa.

Kuma garin nan ya sha wuyar da ta sa maganar ta fi ƙarfin muhawarar aji. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram suka kama Mubi, suka sauya mata suna, suka auka wa hedikwatar EYN a Kwarhi. Mutane suka bazama da ƙafa zuwa Yola, wasu suka haye duwatsu zuwa Kamaru. A 2017 da 2018 bam ya tashi a masallatan garin nan. Na ji da kunnena waƙoƙin da aka tsara a gudun hijira, na Kirista da na Musulmi, na kuka da na godiya. Waɗanda suka yi su suna raye, suna tsufa. Kundi nawa muka rubuta a kansu? Ku duba kantocin ɗakunan karatunmu ku ba kanku amsa.

Za a ce ilhama ba ta aunuwa. Soyayya ma ba ta aunuwa, amma kullum muna ba da maki a kan jigonta. Masu cewa kiɗa haramun ne kuwa, wannan muhawara ce ta malaman fiƙihu, ta girme mu duka, kuma ba ta hana kowa nazarin abin da ke faruwa a gabansa ba.

Damuwata da samarinmu na situdiyo ita ma daga nan ta taso. Ana danna fiyano, kiɗa ya fito a shirye, ɗan takara ya biya kafin alƙalami, sai a nemi kalmomin cikewa. Narambaɗa da Ɗanƙwairo su ma suna da iyayen gida, amma sun zauna a fada, sun san tarihin gidan da suke wasawa, suna jin nauyin abin da suke faɗa. Ba na'ura nake zargi ba. Yaran ba su sami wanda zai kai su wajen tsofaffi ba ne.

Saboda haka ga abin da na daɗe ina nema. Kada a karɓi kundin nazarin waƙa daga ɗalibi in mawaƙin yana raye kuma ba a yi hira da shi kan yadda waƙar ta samu ba. A haɗa kowane kundi da sautin waƙar, domin rubutu kaɗai ba ya riƙe kari. Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Mubi su haɗa hannu su buɗe ma'ajiyar sauti, su fara da tsofaffin mawaƙan Gude da Fali da Njanyi da Fulani, da shugabannin waƙa na Zumuntar Mata, da masu bege. A rubuta sunan kowace mai waƙa a kan waƙarta, a ba ta kwafi, a biya ta. Kuɗin da ake kashewa a walimar taro ɗaya irin wannan ya isa a sayi na'urorin naɗar murya a tura ɗalibai ƙauyuka kafin damina ta faɗi.