Azara: Mahaifi Ne Ko Baffa? Saɓanin Sunna da Shi'a a Kan Nasabar Annabawa

Laccar da aka gabatar a Tofa a gaban malamai, ɗalibai da iyayen ƙasa

  

Duk watan azumi, daga Lambu zuwa Doka har cikin garin Tofa, mai jan baƙi yana ja, malam yana fassara, littafin da ke buɗe a gabansa kuma galibi Jalalaini ne. A da, idan aka iso aya ta 74 a Suratul An'am, inda Annabi Ibrahimu yake yi wa Azara nasiha a kan bautar gumaka, lafiya lau ake wucewa. Yanzu kuwa sai saurayi ya tashi daga wurin tafsiri ya koma majalisa, ya ciro waya ya kunna guntun wa'azi. Wannan ya ce: "Duk mai cewa Azara ba mahaifinsa ba ne, ɗan Shi'a ne." Wancan ya mayar masa: "Kai dai ba ka ƙaunar Annabi." Dukkansu sun yi gaggawa, kuma littattafan da ke jibge a zaurukan malamansu za su iya shaida.

Malaman Shi'a masu bin Imamai 12 sun daɗe a kan magana guda. Shaihu Saduƙ, wanda ya rasu a 991, da almajirinsa Shaihu Mufid, wanda ya rasu a 1022, sun tafi a kan cewa iyaye da kakannin Manzon Allah (SAW) har zuwa Annabi Adamu babu mai bautar gunki a cikinsu. Tunda Annabi Ibrahimu kakansa ne, sai suka ce Azara baffan Annabi Ibrahimu ne ko kakansa na wajen uwa, mahaifinsa kuwa Taraha ne. Suna kafa hujja da aya ta 133 a Suratul Baƙara, inda 'ya'yan Annabi Yaƙubu suka lissafa Annabi Isma'ila cikin iyayensa, alhali baffansa ne. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ke kiran ƙanen mahaifinsa baba ba tare da wani ya ɗaga kai ba. Suna ƙarawa da cewa a Suratu Tauba, aya ta 114, Annabi Ibrahimu ya barranta daga wannan uban, amma a Suratu Ibrahim, aya ta 41, ga shi cikin tsufansa yana nema wa mahaifansa gafara.

Mafi yawan malaman tafsiri na Sunna sun ɗauki ayar a kan zahirinta. Ɗabari, wanda ya rasu a 923, da Ibnu Kasir, wanda ya rasu a 1373, sun ce mahaifi ne. Sun dogara da hadisin Bukhari mai bayanin haɗuwar Annabi Ibrahimu da Azara ranar ƙiyama, da kuma yadda Suratu Maryam ta maimaita kiran da ɗa ke yi wa uba cikin tausasawa. A wurinsu kafircin uba ba ya rage wa annabi komai, kamar yadda kafircin ɗan Annabi Nuhu bai rage masa ba.

Da a ce a nan zancen ya tsaya, da samarin majalisa suna da uzuri. Sai ga Jalaluddin Suyuɗi.

Wannan malamin na Alƙahira, wanda ya rasu a 1505, Basunne ne mai bin mazhabar Shafi'i, kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin ya aiko wa sarakunan Takrur da wasiƙar nasiha, har da Sarkin Katsina Ibrahimu. Shi ne ya rubuta rabin farko na Jalalaini, daga Baƙara zuwa Isra'i, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, don cike aikin da malaminsa Mahalli ya rasu bai kammala ba. A can ya nuna Azara laƙabi ne na uban, sunansa na yanka kuwa Taraha. Daga baya ya rubuta Masalikul Hunafa da wasu risaloli don kare tsiran mahaifan Manzon Allah, a ciki kuma ya ƙarfafa ra'ayin cewa Azara baffa ne. Ibnu Hajar al-Haitami, wani jigon Shafi'iyya, ya bi sahunsa. Wanda ya tashi ya yi wa Suyuɗi raddi mai zafi kuwa Mulla Ali Ƙari ne, Bahanife, wanda ya rasu a Makka a 1606. Ashe gardamar tana nan a cikin gidan Ahlus Sunna fiye da shekara 500, tun kafin a kafa Izala a Jos a 1978, tun kafin juyin juya halin Iran na 1979 ya sa almajiran Shaikh Ibrahim Zakzaky suka fara fuskantar can.

Haka lamarin yake ta ɗaya ɓangaren. An ji wasu suna cewa Nana Faɗima ce kaɗai 'yar cikin Manzon Allah, wai Zainab da Ruƙayya da Ummu Kulsum riƙonsu aka yi. Sayyid Ja'afar Murtala Amili na Labanan ya yi rubutu a kan haka a wannan zamani, amma Kulaini da Shaihu Mufid, waɗanda su ne ginshiƙan Shi'a, sun ƙidaya su cikin 'ya'yan Annabi, daidai da Ahlus Sunna.

Wannan ba ya nufin babu saɓani na gaskiya, kuma ɓoye shi yaudara ce. Yana nan a kan su wane ne Ahlul Baiti da kuma wane matsayi aka ba su. Shi'a sun taƙaita ayar tsarkakewa, ta 33 a Suratul Ahzab, ga Ali da Faɗima da Hasan da Husaini, sannan jikoki 9 daga tsatson Husaini, suka ce ma'asumai ne kuma shugabancin al'umma nasu ne. Ahlus Sunna sun shigar da matan Annabi da gidajen Ali, Aƙilu, Ja'afar da Abbas, sun wajabta ƙaunarsu amma ba su ba su isma ba. Nan ne ya cancanci a zauna da littafi a yi bahasi. Mai yin bahasin kuma ya tuna cewa Imam Ja'afar Sadiƙ jikan Sayyidina Abubakar ne ta wajen mahaifiyarsa Ummu Farwa, kuma Imamu Malik, wanda ƙasar nan ke bin mazhabarsa, ya ruwaito hadisi daga gare shi a cikin Muwaɗɗa.

Jihar Kano ta riga ta ga inda kafirta juna ke kaiwa. Ranar 27 ga Nuwamba, 2015, ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a cikin 'yan Shi'a masu tattaki zuwa Zariya a Dakasoye, mutum fiye da 20 suka rasa rayukansu.

Roƙon wannan lacca ga malaman tafsiri na Tofa guda ne. Allah ya gafarta malam, idan mai jan baƙi ya iso ayar Azara a azumin bana, a tsaya a gaya wa jama'a ra'ayoyin biyu, da sunayen malaman da suka faɗe su, da hujjar kowa, sannan malam ya bayyana wanda ya rinjaya a wurinsa. Samari kuma su kawo tambayarsu zaure kafin su kai ta majalisa.