Yawan Jama'a da Haƙƙin Haihuwa: Jawabi ga Mutanen Arawa, Gombe



Duk wanda ya san garin Gombe kafin 1996, watau shekarar da ya zama babban birnin jiha, ya ga yadda gidaje suka cinye gonaki. Haka abin yake a ƙasa baki ɗaya. Ƙidayar 1963 ta sami mutum wajen miliyan 56 a Nijeriya, ta 2006 kuwa ta sami miliyan 140.

Dalilan wannan ƙaruwa uku ne. Na farko, mutuwar yara ta ragu saboda rigakafi da magani, har cutar agana ma an tabbatar da ƙarewarta a duniya a 1980. Na biyu, haihuwa ba ta ragu daidai da haka ba, musamman inda ake aurar da yarinya da wuri. Na uku, a nan Gombe akwai ƙaura, ta masu neman abinci da ta waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe.

Lalle ne mu lura, babu ɗaya cikin dalilan nan da ya nuna wasu mutane ba su cancanci haihuwa ba. Amma an taɓa yin wannan mugun tunani. A 1883 wani Bature na Ingila, Francis Galton, ya raɗa suna ga aƙidar tace irin ɗan Adam, wai a bar masu "kyakkyawan iri" su hayayyafa, a hana sauran. A 1933 Jamus ta mai da ita doka, aka kashe wa mutum wajen 400,000 haihuwa da ƙarfi. Indiya ma ta tilasta wa talakawa irin wannan aiki tsakanin 1975 da 1977, da sunan rage yawan jama'a. A ko'ina, marasa galihu ne abin ya ci.

To, ina matsayin gwajin jini kafin aure, wanda Jihar Kano ta wajabta a 2024? In saurayi da budurwa duka suna da jinin AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar sikila. Sanin wannan tun kafin a kai lefe alheri ne, gama rigakafi ya fi magani. Amma sakamakon gwaji amana ne, kada ya zama abin gori a unguwa. Yaron da aka haifa da sikila ɗa ne kamar kowa, haƙƙinsa ne a kula da shi, a sa shi makaranta.

Saboda haka muna kira gare ku, ku je asibiti a gwada ku, ku bar 'ya'ya mata su yi karatu, ku ba da tazara tsakanin haihuwa, kamar yadda iyayenmu suke ƙyamar kwanika tun da can. Shawara ta miji da mata ce, ba da tilas ba.

Allah ya ba mu zuriya ɗayyiba da abin riƙe ta. Wassalam.