Jawabin Babbar Baƙuwa a Bikin Yaye 'Yan Matan Kurket



Duk shekara Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, tana fitar da gwarzuwa guda daga cikin matan da ke buga wa ƙasashensu wasa. Yabon gwani ya zama dole, sai dai wannan yabon ya yi jinkirin zuwa. Tun 1934 matan Ingila da na Ostiraliya suka fara karawa a Brisbane, amma sai a 2006 aka fara ba da kyautar, Karen Rolton ta Ostiraliya ta karɓa. Shekara 72 ke nan mata suna wasa ba a tanadar musu wannan lambar yabo ba, ba su kuma fasa ba.

Daga 2017 kofin kyautar ya koma amsa sunan Rachael Heyhoe Flint, wadda ta rasu a farkon shekarar. Ita ce ta yi faɗi-tashi har attajiri Jack Hayward ya zuba kuɗi aka shirya gasar cin kofin duniya ta mata a 1973, shekara biyu kafin maza su yi tasu. Ita ce kuma ta jagoranci Ingila ta cinye gasar.

Ellyse Perry ta Ostiraliya ta ɗauki kofin gwarzuwar shekara a 2017 da 2019, Smriti Mandhana ta Indiya a 2018 da 2021, Nat Sciver-Brunt ta Ingila a 2022 da 2023. Amelia Kerr ta New Zealand ce gwarzuwar 2024. A wasan ƙarshe na kofin duniya na T20 na shekarar a Dubai ta ci maki 43 da sandarta, sannan ta karɓi ƙwallo ta fitar da 'yan Afirka ta Kudu uku.

'Ya'yana, kada ku ɗauka abin ya fi ƙarfinku. A Janairun 2025, a Malesiya, 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke takwarorinsu na New Zealand da tazarar maki biyu. Ƙasar Kerr ce fa.

Iyaye, ku bar su su je atisaye, ku kuma sa ido a kan karatunsu. Ku kuwa masu shirya gasa, ku sama musu wasanni, domin sai an buga ake gane gwana.

Da wannan nake taya ku murnar kammala horo. Allah ya yi muku albarka, ya mai da kowa gida lafiya.