Kukan Injin Faifai: A Kwance Shi Ko A Kai Wa Mai Gyara?



An nemi in yi jawabi a kan akwatin wasan bidiyo idan injin faifansa ya fara kuka, wato ko ya dace mai shi ya kwance da hannunsa. Na san wasu za su ce wannan ba batun zauren jami'a ba ne. To, amma ɗalibin da ya tara kuɗin guzurinsa, ko ƙaramin ma'aikacin da ya sadaukar da albashin wata ya sayi PlayStation ko Xbox, shi ya san abin da zai yi asara in ya kuskure.

Da farko a tabbatar da inda kukan yake fitowa, domin sau da yawa fanka ce ke ihu, a ɗora wa faifai laifi. A cire faifan, a kunna wasan da aka sauke daga intanet. In ƙarar ta ci gaba, to ƙura ce ta toshe hanyar iska, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar da hunturu ke kaɗawa. In kuwa ta ɗauke, a gwada wani faifan, don faifan da ya lanƙwashe ko ya tsage yakan girgiza injin duka. A kuma sani cewa PlayStation 4, wanda ya fito a 2013, yana kwafe wasa ne zuwa cikinsa, saboda haka gurnanin da yake yi a lokacin kwafewa ba ciwo ba ne. Wanda ya cancanci damuwa shi ne ƙarar gurzawa, ko ƙas-ƙas mai maimaituwa, ko ƙin karɓar faifai.

Akwai gyaran da ban ga dalilin biyan kowa ba. Goge idon da ke karanta faifai da auduga da ɗan sipirit irin na masu gyaran waya, wanke robobin da ke jan faifai a PlayStation 4, sauya ɗan bel ɗin roba da ke buɗe faranti a Xbox 360: duk waɗannan aikin mai haƙuri ne da sukudireba mai bakin tauraro. Sharaɗin shi ne a zare waya daga soket tukuna, kada a taɓa cikin sashen da ke karɓar wuta, domin yana riƙe caji bayan an kashe, kada kuma a kunna injin a buɗe ana leƙen hasken leza.

Amma ga inda nake so ku saurara da kyau, ya ku 'yan'uwa. Tun daga Xbox 360 na 2005, kamfanin Microsoft ya ɗaura kowane injin faifai da uwar allon akwatinsa ta hanyar wani mabuɗin sirri, haka kuma Sony ya yi a PlayStation 4 na farko da PlayStation 5 na 2020. Ma'ana, in ka sayo sabon inji sukutum ka jona, ko da lafiyarsa ƙalau, wasa ba zai tashi ba. Dole a ciro ƙaramin allon lantarkin tsohon injin a mayar kan sabon. Wanda ya jefar da tsohon a shara, ko ya ƙona allon da ƙarfen lika, ya raba akwatinsa da faifai ke nan. Kamfanonin suna kare wannan tsari da hujjar hana satar wasanni; ni dai a ganina mai gaskiya ne ya fi shan wahalarsa. Da zarar gyara ya kai ga wannan allo, shawarata a nemi gwani, a kuma tambaye shi tun kafin ya sa hannu ko ya san da wannan ɗauri. In ya yi shiru yana sosa ƙeya, ɗauki kayanka.

Sai batun garanti. A 2018 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta gargaɗi Sony da Microsoft da Nintendo cewa sharuɗɗan da ke soke garanti don an ɓare takardar like ko an yi gyara a wani waje sun saɓa wa dokar 1975 ta ƙasarsu. Dokar Amurka ce, ba ta bin kaya zuwa nan, kuma akwatin da aka saya na hannu ba shi da garantin da za a rasa. Amma wanda ya sayi sabo da rasiti, ya fara komawa wurin mai shago kafin ya kwance noti ko ɗaya.

In akwai masu tsohon Xbox 360 a zauren nan, kada ku tayar da shi tsaye ko ku kwantar da shi faifai na juyawa, domin hakan na karce faifan zagaye guda.