Leburan da Aka Ƙera a Masana'anta



A watan Janairun 1921 aka fara nuna wani wasan kwaikwayo mai suna R.U.R. a birnin Prague, wanda Karel Capek ya rubuta. Labarin wata masana'anta ce a tsibiri, inda ake ƙera lebura mai siffar ɗan'adam ana sayar wa duniya. Ba na ƙarfe ba ne irin mutum-mutumin da muka saba gani a fim. Yana da nama da jijiyoyi, yana magana, yana lissafi. Abin da aka cire masa shi ne duk abin da ba ya ƙara wa mai gida riba: sha'awa, wasa, ƙauna, tsoron mutuwa. Manajan kamfanin, Domin, bai ɓoye manufarsa ba. A wurinsa ma'aikaci mafi kyau shi ne mafi arha, wanda bukatunsa suka fi kaɗan.

Akwai wuri ɗaya a wasan da nake so mu daɗe a kansa. Waɗannan leburori ba sa jin zafi, don haka sukan cusa hannu cikin inji su karya yatsu, kamfani ya yi asara. Sai likitan masana'antar, Dakta Gall, ya shiga aikin sanya musu jijiyar jin ciwo. Ku lura da dalilin. An ba su ciwo ne domin kayan kamfani su daɗe. Wanda ya dasa wa halitta raɗaɗi da hannunsa, ya kuma juyo ya ce ba ta da hakki tunda inji ce, yana so ya ci moriyar jin da ya ba ta ba tare da ya ɗauki nauyinsa ba. Wannan shi ne zaluncin da nake gani yana maimaituwa a kusan duk labaran da suka biyo baya.

Ɗauki fim ɗin Blade Runner na 1982, wanda Ridley Scott ya gina a kan littafin Philip K. Dick na 1968. Kamfanin Tyrell yana ƙera bayi don aikin haɗari a wasu duniyoyi. Masu ƙerawar sun san cewa in aka bar su suka daɗe, za su fara jin abin da mutum ke ji, sai suka yanke musu wa'adin shekara 4 kacal. Wata daga cikinsu, Rachael, har tunanin ƙuruciyar da ba ta taɓa yi ba aka dasa mata, don ta fi sauƙin juyawa. Wanda ya gudo duniya kuwa, ɗan sanda ya bi shi ya harbe, kuma hukuma ba ta kiran hakan kisa. A ƙarshen fim ɗin, bawan da ake farauta, Roy Batty, shi ne ya ceci ran mai farautarsa.

Za a ce mini Isaac Asimov ya kawo mafita da dokokinsa uku na 1942. Ni ban gamsu ba. Doka ta farko ta hana mutum-mutumi cutar da ɗan'adam, ta biyu ta wajabta masa biyayya, sai ta uku ta ba shi damar kare kansa, ita ma da sharaɗin kada ta saɓa wa na farkon biyu. Wato umarnin mai gida ya fi ran bawa daraja. Dokoki ne da suka kare mu daga gare shi, babu ko ɗaya da ta kare shi daga gare mu. Asimov da kansa ya koma kan batun a 1976, a labarin Andrew Martin, mutum-mutumin da ya iya sassaƙa, ya tara kuɗi, ya fanshi kansa daga iyalin da suka mallake shi.

A nan ne labarin ya zo gida. Kakanninmu sun san murgu da fansa, inda bawa ke aiki ya biya ubangidansa har ya sami 'yanci. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya, a Nijar kuwa sai 2003 aka mai da ita laifin da ake hukuntawa. Hujjar da ake kafawa a da ita ce wancan ba irinmu ba ne, shi ba ya jin abin da muke ji. Ita ce dai hujjar Domin.

Na san wani zai ce inji ba shi da rai, kuma rai na Allah ne. Haka ne, kuma injinan da muke da su yau babu wata shaida tabbatacciya cewa suna jin komai. Amma marubutan nan ba injin markaɗe suke nufi ba. Suna magana ne a kan burin samun wanda zai gane maganarka kamar mutum, ya yi maka hidima kamar mutum, amma ba zai taɓa iya cewa a'a ba. Wannan buri kuwa ba ya jiran masana'anta. Yana nan a gidan da aka ɗauko yarinya 'yar aiki daga ƙauye, take tashi kafin kowa, take kwanciya bayan kowa, ba makaranta, kuɗin aikinta kuma na shiga aljihun wadda ta kawo ta. Addininmu ya gaya mana an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, ballantana abin da aka siffanta da mu har yana roƙon a ƙara masa kwana.

Hukuncina shi ne: in za a ƙera inji don aiki, a bar shi inji, kada a ba shi jin ciwo ko tsoro. In kuwa an ba shi, to ya tashi daga kaya, kuma sa shi aiki ba da yardarsa ba bauta ce.

Ga marubutanmu matasa, Umaru Dembo ya buɗe muku ƙofar labarin kimiyya da Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Ku rubuta mana labarin leburan da aka ƙera, ku bar shi ya yi magana da bakinsa, domin kun fi marubutan Turai da Amurka sanin abin da murgu yake nufi.