Maganin ciwon sukari da mantuwar tsofaffinmu
(Jawabin malamin lekol a taron ƙungiya)



Biro na ƙungiya ya ce in yi magana bisa tambayar da kuke yawan aikowa cikin wasiƙu: tsoho mai ciwon sukari da ya fara mantuwa, wane magani za a sayo masa?

Da farko mu san mafarin abin. Cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙananan jijiyoyin jini, kamar ƴan hanyoyin ruwa na gandun Jiratawa. Sukari in ya daɗe da yawa cikin jini, ga hawan jini a kai, sai su ƙuntace, wasu su toshe. Wurin da jini bai kai ba sai ya lalace. Shi ya sa za ku ga tsoho tunaninsa ya yi nauyi, lissafin kuɗin kasuwa ya gagare shi, takunsa ya gajarta. Wani kuma bayan shanyewar ɓarin jiki abin ke somawa.

To, har yau ba a tabbatar da wani maganin sukari da ke maido da tunanin da ya tafi ba. A Amurka da Kanada an yi babban bincike mai suna ACCORD: aka matsa wa wasu da magani don sukarinsu ya sauka ƙwarai. A 2008 aka dakatar da matsin, don mutuwa ta fi yawa cikinsu. A 2011 kuma aka bayyana cewa tunaninsu bai fi na sauran ba. Aikin magani shi ne tsare abin da ya rage.

Magungunan ba ɗaya ba ne. Metformine, wanda likitan Faransa Jean Sterne ya fara ba masu ciwon a 1957, shi kaɗai bai cika kayar da sukari ƙasa ba; amma in an daɗe ana sha yana rage bitamin B12, rashinsa kuwa na kawo mantuwa da mutuwar ƙafafu. Glibenclamide, wanda kuka sani da Daonil, yana iya kayar da sukari da ƙarfi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai dace da wanda ya wuce shekara 60 ba. Allurar insulin ma tana kayar da shi in ba a ci abinci ba.

A nan haɗarin yake. Mai mantuwa zai sha ƙwaya da safe, ya manta, ya sake sha, furarsa kuwa na nan bai taɓa ba. In sukari ya sauka ƙasa da giram 0,70 a lita, sai gumi, makyarkyata, da magana barkatai. Mu ce tsufa ne ko iskoki, alhali ƙwaƙwalwa ce ke yunwa.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu:

1. Ƴan cirani, kar ku aiko da ƙwaya ba takardar likita, kar ku saya kan tebur. Ku aiko da kuɗin mota da na awo.
2. Kowane gida ya sa mutum guda, ko ɗan lekol mai hankali ne, ya riƙe maganin, yana yin alama a kaye in an sha.
3. In alamun nan sun zo, a ba shi sukari guda 3 cikin ruwa. In ya suma kar a sa masa komi a baki, sai gidan likita.
4. A riƙa auna tansiyo, kuma a ga likita kafin azumi.

Dattawa, ku yi haƙuri in yaro ya riƙe muku magani. Ba raini ba ne. Allah shi ba mu lafiya, shi maido matafiya gida lafiya.